Tambaya da Amsa: Aikin Gayya a Turbobin Daji da Duwatsu

Wasiƙu uku ne suka iso wannan shafi daga unguwannin Accra a kan magana ɗaya, wato fitar da wasu matasanmu suka fara yi zuwa dazuka da duwatsu domin gyara turbobin da jama'a ke bi da ƙafa, ba tare da an biya su ko sisi ba. An taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Wasiƙa ta farko, daga sakataren wata ƙungiyar matasa a Nima

Assalamu alaikum, Malam. Ƙungiyarmu ta saba fita yashe kwata a unguwa gabanin damina. A hutun Babbar Sallah da ya wuce mun je yawon buɗe ido a wani daji mai duwatsu da ke wajen gari, inda muka tarar ruwa ya cinye turbar da ake bi zuwa sama, ciyawa ta rufe wasu wurare, ga kuma ledojin ruwa da baƙi ke zubarwa. Mun yanke shawarar komawa da adda da diga mu gyara. Za mu kai mutum ashirin. Ta ina ya kamata mu fara, kuma wane lokaci ne ya fi dacewa?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi wa niyyarku albarka. Sai dai ina roƙonku ku jingine addunan tukuna, domin matakin farko a wannan aiki takarda ce da ziyara, kuma duk ƙungiyar da ta tsallake shi tana iya jawo wa kanta abin da ba ta zata ba. Babu turbar da ba ta da mai ita. Idan wurin yana cikin gandun gwamnati, kamar dajin Achimota da aka keɓe tun 1930, ko Shai Hills da ke kan hanyar Tema zuwa Akosombo mai faɗin murabba'in kilomita 51, to yana hannun Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ghana, wadda ke da sashe na dazuka da kuma sashe na namun daji, kuma saran ko da reshe ɗaya a irin wannan wuri ba tare da izini ba laifi ne a doka. Lambun tsirrai na Aburi, wanda aka buɗe a 1890, yana ƙarƙashin sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa. Idan kuwa turbar ta ƙauye ce, irin waɗanda ke hawa tsaunukan Akuapem zuwa gonaki da maɓuɓɓugan ruwa, to ku tuna cewa mafi yawan ƙasar Ghana tana hannun sarakunan gargajiya da dangogi ne, saboda haka sai ku nemi sarkin garin da ɗan majalisar yankin, kuma zai fi kyau Sarkin Zangon wurin, idan akwai, ya yi muku jagora zuwa fada. Duk wanda ya san irin rikicin filaye da ake yi a kewayen Accra ya san yadda mutanen gari za su fassara zuwan samari ashirin baƙi ɗauke da adduna, domin ba su manta da 'yan dabar da ake haya su tsare filaye ba, waɗanda sai da majalisa ta yi dokar haramta su a 2019. Mutum biyu ko uku masu natsuwa su fara zuwa da wasiƙar ƙungiya, su tambayi manajan wurin ko sarki wane yanki ne ya fi buƙatar hannu, su kuma nemi a haɗa su da ma'aikacin da zai tsaya a kan aikin. Wataƙila a ce muku inda kuka gani ba shi ne matsalar da ta fi damunsu ba, kuma idan haka ta faru ku bi abin da suka ce.

Bayan izini, abin da nake so ku fahimta sosai shi ne cewa gyaran turba aikin sarrafa ruwa ne kafin komai. Sassabe da tsintar leda su ne abin da ido ke fara gani, kuma su ne suka fi kyau a hoto, amma ciyawa ba ta taɓa kashe turba ba, ruwa ne ke kashe ta. Yadda abin ke faruwa shi ne, ƙafafun mutane suna danne ƙasa har tsakiyar turbar ya ɗan lotsa ya kuma daina shan ruwa, sai ruwan da ke gangarowa daga saman dutse ya samu wannan lotsawa ya bi ta maimakon ya tsallaka. Gwargwadon nisan da ya yi yana bin turbar, gwargwadon yawansa da ƙarfin gudunsa ke ƙaruwa, har ya fara kwashe ƙasa, sannan tsakuwa, daga baya ya bar kwari mai duwatsu da saiwoyi a waje. Masu tafiya kuma ba sa son taka kwari, sai su koma gefe su take ciyawa, nan ma ya lotsa, ruwa ya bi, a wayi gari turbar da faɗinta bai wuce taku ɗaya ba ta zama tabo mai faɗi a jikin dutse. Ku mutanen Nima ba baƙin wannan darasi ba ne, tunda kun ga abin da ruwa ke yi idan aka toshe masa hanya zuwa kogin Odaw, kuma babu mazaunin Accra da zai manta da ambaliyar daren 3 ga Yuni, 2015. Bambancin kawai shi ne, a cikin gari ana tattara ruwa a kwata a kai shi nesa, a kan turba kuwa so ake a kore shi gefe tun yana kaɗan, a wurare da yawa, kafin ya haɗu ya yi ƙarfi.

Hanyoyin yin haka ba su da wuyar koyo. Na farko, idan turba tana ratsa gangare ta gefe, a ɗan karkata fuskarta zuwa ɓangaren ƙasa, kamar santimita 5 a kowace mita ɗaya ta faɗi, ta yadda mai tafiya ba zai ji karkatar ba amma ruwa zai silale ya wuce. Sau da yawa za ku tarar ƙasa da ganyaye sun taru a bakin turbar ta gefen ƙasa sun zama ɗan tudu mai tare ruwa, kuma kankare wannan tudun da fartanya, ko da yake aiki ne marar armashi, ya fi yawancin abin da za ku yi amfani. Na biyu, a wuraren da turba ke gangarawa, ana haƙa ɗan kwari marar zurfi mai faɗi wanda ya ratsa ta a karkace, bakinsa a buɗe zuwa gefen ƙasa, a zuba duwatsu a inda ruwan zai faɗa domin kada ya fara sabon rami a can. Idan gangaren ya yi tsanani, sai a jera manyan duwatsu a karkace a binne mafi yawan jikinsu, kuma masu wannan aiki suna cewa dutsen da mutum ɗaya zai ɗauka ba tare da wahala ba ya yi ƙanƙanta, ruwa ko ƙafa za su tumɓuke shi. Matakala ma da irin waɗannan duwatsu ake yin ta, a fara daga ƙasa a yi sama, kowane dutse ya zauna daram kafin a ɗora na gaba.

Akwai kuma ma'aunin da masu tsara turbobi ke aiki da shi, wanda ya kamata shugaban aikinku ya riƙe a kansa. A matsakaici, kada turba ta hau fiye da mita ɗaya a cikin kowace mita goma, kuma kada tsananin hawanta ya wuce rabin tsananin gangaren dutsen da take ratsawa. Turbar da ta miƙe sak daga gindin dutse zuwa samansa tana kan hanyar da ruwa zai bi ko da babu ita, saboda haka duk gyaran da aka yi mata na ɗan lokaci ne, maganinta shi ne a sauya ta da wadda ke hawa tana lanƙwasa hagu da dama. Sauya hanya kuwa hukuncin masu wurin ne, ku dai ku nuna musu abin da kuka gani. Abin da ke hannunku shi ne toshe gajerun hanyoyin da masu gaggawa ke yankewa tsakanin lanƙwasa da lanƙwasa, ta hanyar cika su da busassun rassa da duwatsu, in an yarda kuma a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa irin jema.

Game da sassabe, ku yanke abin da ya shigo cikin turba kawai, reshe kuma a yanke shi daf da jikin itace da zarto, kada a bar tsini mai tsone ido ko yage riga. Ciyawar nan da mutanen Ghana ke kira Acheampong baƙuwa ce mai mamaye wuri, haka ma dogon yaro ya bazu ƙwarai a filayen da ke kewaye da Accra, amma kada wannan ya sa ku yanke wa kowane tsiro hukunci da kanku. Ma'aikacin daji ne ya san wanda ake so a cire da wanda dabbobi ke ci. Abin da aka sare a ja shi nesa da turba a bar shi ya ruɓe. Kada a cinna masa wuta ko kaɗan, balle a lokacin hunturu, domin dattawan da suka ga gobarar daji ta 1983 da yunwar da ta zo tare da ita suna nan da ransu, kuma tun 1990 akwai dokar da ta hana tada wutar daji.

Lokaci kuwa, damina babba a Accra tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Ku yi yasar magudanai a watan Maris, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin haƙa da daddanna ƙasa ya fi kyau bayan an yi ruwa ɗaya ko biyu, lokacin da ƙasa ke da danshi amma ba ta zama taɓo ba, domin jar ƙasa a tsakiyar rani tana mayar da diga baya. Ina kuma ba ku shawara mutum biyu daga cikinku su je su bi turbar jim kaɗan bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, saboda a wannan lokaci ne ruwa da kansa ke nuna inda yake shiga da inda yake rasa mafita.

Mutum ashirin sun yi yawa a wuri ɗaya. Ku kasu gida uku ko huɗu, kowane rukuni da shugabansa da yankinsa, a bar tazarar kamar mita uku tsakanin masu sara, kuma mai son wucewa ya yi magana ya jira a dakata masa. A ɗauki adda da diga a hannu, kaifi yana kallon ƙasa, ta ɓangaren gangare, kada a saɓa su a kafaɗa. Ku fara da sanyin safiya bayan sallar Asuba ku tashi kafin Azahar, kowa da isasshen ruwan sha, ledar da kuka shiga da ita kuma ku fito da ita. Daga ƙarshe, ku zaɓi yanki gajere, ko da rabin kilomita ne, ku shaida wa masu wurin cewa za ku riƙa dawowa kansa sau uku ko huɗu a shekara. Magudanar da aka haƙa aka bari tana cikewa da yashi a damina ɗaya, kuma a ganina manajan daji zai fi sakin jiki da samari takwas da ya san ranar dawowarsu a kan taron mutum ɗari da suka zo sau ɗaya da riguna iri ɗaya.

Wasiƙa ta biyu, daga wani mahaifi a Madina

Malam, ɗana ya gama jami'a ya kuma gama hidimar ƙasa, har yanzu bai samu aiki ba, amma kusan kowace Asabar sai ya bi abokansa zuwa daji wai gyaran hanya, ya dawo da kanta a hannu, kuɗin mota ma ni nake ba shi. Shin wannan ba aikin gwamnati ba ne, wadda ke karɓar kuɗin shiga a ƙofar waɗannan wurare?

Amsa

Alhaji, ranka ya daɗe, tambayarka tana da tushe kuma ba zan rufe ta da daɗin baki ba. Hukumar da ke karɓar kuɗi a ƙofa ita ce da alhakin kula da wurin, kuma idan aka ga ana sallamar ma'aikata ana cike gurbinsu da 'yan sa kai, wannan zalunci ne da ya kamata a faɗa. Amma ko a ƙasashen da gwamnati ke da kuɗi, ba ta iya riƙe turbobi ita kaɗai. A Amurka akwai turbar tsaunukan Appalachian, mai tsawon kusan kilomita 3,500, wadda ta ratsa jihohi 14 kuma aka kammala ta a 1937, yawancin gyaranta har yau ƙungiyoyin sa kai ne ke yi, kowace da yankinta, bisa yarjejeniya da hukumomin gwamnati. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin da gayya iyayenmu suka gina masallatai da makarantun allo a zangonni, da ita kuma ake share maƙabarta. A addini ma, ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma yana cikin rassan imani, sannan an ba da labarin mutumin da ya janye reshen ƙaya daga hanya Allah Ya gafarta masa saboda haka.

Ba zan yi maka alkawarin cewa wannan fita za ta kawo masa aiki ba, kuma idan wani ya yi masa irin wannan alkawari, musamman in ya nemi kuɗin rajista, to ya yi hattara. Abin da zan iya cewa shi ne, matashin da ke zaman jiran aiki ya fi buƙatar abin da zai tashe shi da asuba da mutanen da za su nemi ba'asi idan bai zo ba, kuma wanda ya iya tsara aikin mutum goma, ya riƙe lissafin kayan aiki, ya rubuta rahoto, yana da abin da zai faɗa ranar da aka kira shi ganawar neman aiki. Ka ce ya nemi takardar shaida daga hukumar da suke yi wa aikin. Ka kuma tambaye shi sunan ma'aikacin da ke tsaya musu, domin idan babu kowa, to amsar da na bai wa matasan Nima ta shafe shi. Batun kuɗin mota kuwa, ƙungiyar da ta san abin da take yi tana haɗa asusu domin mota da abinci, kuma babu laifi su nemi masu wurin su yafe musu kuɗin shiga a ranar aiki.

Wasiƙa ta uku, daga wata malamar makarantar Islamiyya a Sabon Zango

Malam, ni da wasu 'yan uwa mata muna sha'awar shiga irin wannan aiki, har ma da manyan ɗalibanmu, amma ana ce mana aikin maza ne, kuma iyaye suna tsoron macizai. Me za ka ce?

Amsa

Malama, Allah Ya ƙara ilimi. Matan da ke noma a gangaren Akuapem suna riƙe adda da fartanya kullum, saboda haka maganar ƙarfi ba hujja ba ce, kuma mafi yawan aikin turba kankara ce da fartanya da manjagara da jera duwatsu, wanda haƙuri da lura suka fi ƙarfin damtse amfani a cikinsa. Ku kafa rukuninku na mata da shugabarku, da yardar iyaye da mazaje, ku fara da wuri na kusa wanda ake zuwa a dawo kafin La'asar, kamar Achimota. Ku sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, hijabin kuma ya zama gajere ko a cusa shi, saboda mai jan ƙasa yana kama ƙaya yana kuma rufe wa mutum inda zai taka. Silifa ba ta shiga daji, sai takalmi rufaffe, da safar hannu. Ɗalibai a ba su tsintar shara da manjagara da shayar da dashe, kada a ba su abu mai kaifi. Tun da aka fara ranar dashen itatuwa ta ƙasa a watan Yunin 2021, wadda aka sa wa burin itace miliyan 5 a karon farko, masu dasawa ba su yi ƙaranci ba, waɗanda ke komawa su cire ciyawa su zuba ruwa a rani ne ake nema, kuma wannan aiki ne da makaranta za ta iya ɗauka.

Tsoron iyaye a kan macizai gaskiya ne, domin akwai kasa da gamsheƙa da kububuwa a ƙasar nan. Yawancin sara yana samun ƙafa ne ko hannun da aka cusa inda ido bai gani ba, don haka a juya dutse ko gungume da diga kafin a taɓa shi, a kuma bugi ciyawa da sanda kafin a shiga. Idan ƙaddara ta faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada kuma a tsaya neman mai magani ko baƙin dutse. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a ɗaure gaɓar a jikin sanda domin ta daina motsi, a ɗauki mutumin kada ya taka da ƙafarsa, a nufi asibiti kai tsaye, inda ake yin allurar kashe dafi. Tun kafin ranar fita shugabar ta san asibitin da ya fi kusa, ta tabbatar motar da ta kawo ku tana jira a bakin daji, ta kuma riƙe lambar gaggawa ta 112. Wadda ta san cizon zuma yana kumbura mata jiki ko yana toshe mata numfashi ta faɗa tun a gida. Wadda ta daɗe ba a yi mata allurar rigakafin tetanus ba ta je asibiti a yi mata kafin ta fara taɓa ƙasa da tsofaffin ƙarafa.

Masu tambaya a kan gyaran hanyoyin cikin maƙabarta su yi haƙuri, wasiƙunsu suna hannu kuma za a amsa su a fitowa ta gaba.